FAƊAKARWA GAME DA GYARAN HAƘORA: INDA SHARI'A TA YALWATA DA INDA TA HANA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya hore masa abinci, Ya kuma ba shi abin da zai tauna shi da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa wani al'amari ne da ya faru a gabana a wani ƙauye na ƙasar Buza. Bayan an sallame sallar la'asar, wani dattijo wanda ya shekara fiye da talatin yana jan mutanen unguwarsu salla ya ja ni gefe, ya rufe bakinsa da gefen rawaninsa, ya ce yana da tambaya. Haƙoransa huɗu na gaba, na sama, sun zube ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan ya ji karatunsa yana fita da iska, har ya janye daga limanci ya tura wani gaba. Ɗansa da ke ci-rani a Abijan ya aiko da kuɗi a kai shi Tawa a yi masa haƙoran roba, amma ya ƙi taɓa kuɗin, domin wani ya gaya masa wai wannan canza halittar Allah ne, kuma wai mai yin haka la'ananne ne. Ya ce da ni: "Allah gafarta malam, da furfurata zan sayi la'ana da kuɗin ɗana?"

A cikin wannan mako kuma alhazan garin suka dawo daga ƙasa mai tsarki. Na je yi musu barka da sauka, na ga haƙorin Makka yana walƙiya a bakin mutum ya fi biyar, maza da mata, kuma cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi hukunci kafin ya buɗe baki a sa masa. Ashe mun tsorata a inda shari'a ta yalwata mana, mun kuma saki jiki a inda ya kamata mu tsaya mu tambaya. Wannan shi ne abin da muke so mu warware, da taimakon Allah.

Darajar haƙori a shari'a

Mu fara da sanin cewa Musulunci bai ɗauki haƙori a matsayin ƙaramin abu ba. Allah Ya ambace shi da sunansa a Suratul Ma'ida, aya ta 45, a cikin gaɓoɓin da ake ƙisasi a kansu. A takardar da Manzon Allah (S.A.W.) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an yanka wa kowane haƙori guda diyyar raƙuma 5, kuma a mazhabarmu babu bambanci tsakanin na gaba da turmi. To yi lissafi, ya ɗan uwa. Baligi yana da haƙora 32. Idan ka riɓa su da biyar ka sami raƙuma 160, alhali diyyar rai gaba ɗaya raƙuma 100 ce. Wannan dukiya ce kake yawo da ita a bakinka, kake buɗe kwalba da ita, kake tsinke igiya da ita.

Sa'an nan masu tajwidi sun san cewa haruffa da yawa ba su fita daidai sai da haƙori. Harafin fa yana fita ne tsakanin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama. Haruffa uku, wato ث da ذ da ظ, suna fita tsakanin kan harshe da waɗannan haƙora. Harafin ض kuwa, wanda ke ƙarshen Fatihar da kowa ke karantawa sau 17 a yini in ya tsaya ga farillai kaɗai, yana fita ne daga gefen harshe da turamen sama. Wanda haƙoransa suka zube mai uzuri ne, sallarsa ingantacciya ce, kada wani ya sa masa waswasi. Amma idan Allah Ya buɗe masa hanyar da zai mayar da harafin mazauninsa, wane malami ne zai ce masa ya zauna haka?

Hadisin da aka tsoratar da dattijo da shi

Hadisin gaskiya ne, yana cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.). A cikinsa an ambaci la'ana a kan masu yin zane da allura a fata da waɗanda ake yi wa, da masu tsige gira, da masu fiƙe haƙora su buɗa tsakaninsu domin neman kyau, aka siffanta su da masu canza halittar Allah. Kuma Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta gaya mana cewa canza halitta yana daga abin da Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci ƴan Adam da shi. Babu Musulmin da zai yi wasa da wannan.

Sai dai wanda ya kai wa dattijo hadisin ya bar ƙaidin da ke cikinsa a hanya, wato neman kyau. Imamun Nawawi, a sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya yi bayanin cewa tsofaffin mata ne suke goge haƙoransu da magagari domin su yi kama da ƴan mata, kuma ya ce wannan ƙaidi yana nuna haramcin ya rataya ne ga wanda ya yi domin ƙawa, amma wanda ya bukaci haka domin magani ko domin wani aibi da ke haƙorin, babu laifi a kansa. Haƙorin da aka hana taɓawa shi ne lafiyayye, wanda yake yadda Allah Ya ajiye shi, mutum ya ga bai gamsu da shi ba. Wanda cuta ta cinye ko haɗari ya karya, ai cutar ce da haɗarin suka canza shi, mai gyara kuwa komar da shi yake yi ga yadda aka halicce shi.

Hujja mafi bayyana a kan wannan ita ce ƙissar Arfajatu ɗan As'adu (R.A.), wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin jahiliyya, sai ya sa aka ƙera masa na azurfa, ya yi masa wari. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinari. Ku duba da kyau, ya ku jama'a. Zinari haramun ne ga namiji, amma aka halatta masa shi. Ba a ce masa ya yi haƙuri da ƙaddara ya zauna ba hanci ba. Kuma hancin zinari ba ya shaƙar ƙamshi, amfaninsa rufe abin da ya buɗe da kawar da muni daga fuska, wanda ke nuna kawar da aibi shi ma manufa ce da shari'a ta kula da ita. Bayan Tirmizi ya kawo hadisin ya ambaci cewa an ruwaito daga malamai fiye da ɗaya sun ɗaure haƙoransu da zinari. Littafin da ke hannun malamanmu na zaure ma bai bar mas'alar ba: Shehu Halilu, a farkon Muhtasar, inda ya hana wa namiji amfani da abin da aka yi wa ado da zinari ko azurfa, ya togace Mushafi da takobi da hanci da ɗaurin haƙori. Wannan yana cikin babin tsarki, ɗalibi ba ya nisa da fara littafin sai ya iske shi.

Manzon Allah (S.A.W.) da kansa an karya masa haƙori a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, aka raunata fuskarsa mai albarka. Nana Faɗima (R.A.) tana wanke jinin, Sayyidina Aliyu (R.A.) yana zuba ruwa, da ta ga jinin ya ƙi tsayawa sai ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a kan raunin. Shugaban masu tawakkali ke nan, bai hana a yi masa magani da abin da ya sawwaƙa a wannan rana ba.

Masu cewa aikin haƙori ilmin Nasara ne kuma, sai mu tuna musu da Abul Ƙasim Azzaharawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013 miladiyya. A littafinsa Attasrif ya zana kayan kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinari ko azurfa, da yadda ake sassaƙa ƙashin sa a maye gurbin wanda ya faɗi. Turawa sun fassara littafin zuwa Latin suka yi ƙarnoni suna karantar da shi. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 da aka yi a Maleziya a 2007, ta tabbatar da wannan rabo game da aikin gyaran jiki: mayar da gaɓa ga siffarta ko aikinta, da gyara aibin da aka haifi mutum da shi ko wanda ya same shi daga baya, ya halatta, canza lafiyayyar halitta domin bin son zuciya da kwaikwayo bai halatta ba.

Da wannan ma'auni, ɗan uwa, kai ma za ka iya auna ayyukan da likitan haƙori ke yi. Akwai ciko, inda ake goge ruɓaɓɓen wuri a cike kogon, ko da wani haɗin ƙarfe mai ruwan azurfa ko da farin abu mai kama da haƙori. Idan ruɓar ta kai ga jijiya, akan cire jijiyar a wanke cikin saiwar a toshe, haƙorin ya zauna a wurinsa ba ciwo. Wanda ya fashe akan sa masa hula ta tangaran ko ta ƙarfe. Wanda ya fita akan maye shi da na roba da ake cirewa a wanke, ko a ƙera wani a jingina shi da maƙwabtansa biyu, ko a dasa ƙusa ta ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kanta, aikin da aka fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin a 1965, kuma shi ne mafi tsada. Duk waɗannan magani ne, halal ne. Haka nan wayar da ake ɗaura wa yaro wanda haƙoransa suka hau juna ko suka turo gaba har ba ya iya rufe baki ko tauna da kyau, ko yara suke yi masa dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gyaran ya fi sauƙi kafin ƙashi ya ƙosa.

Samarinmu masu kabu-kabu, da yawansu sun bar haƙoran gaba a kan hanya. Ku riƙe wannan: idan haƙorin babba ya fita ɗungurungum da saiwarsa, a ɗauke shi ta kansa, kada a kankare saiwar, a sa shi cikin madara, a yi gaggawar kai mutumin ga likita. Idan an isa cikin kamar awa ɗaya akwai fatan a mayar da shi ya kama. Na yaro ƙarami, wanda bai yi famfara ba, shi ba a mayar da shi.

Haƙorin Makka da wushirya

Yanzu mu komo ga alhazai, Allah Ya karɓi ibadarsu. Na san maganar ba ta da daɗi, kuma cikin masu karanta wannan takarda akwai iyayenmu da ke ɗauke da shi shekara da shekaru. Amma gaskiya ɗaya ce. Haƙorin Makka ba ya cikin farillan hajji, ba ya cikin wajibansa, ba ya cikin sunnoninsa. Babu sahabin da ya sauko daga Arfa ya je neman mai sa haƙori. Al'ada ce ta mutanenmu, kuma sunan Makka da aka liƙa mata bai mayar da ita ibada ba.

Ga namiji, idan zinari ne kuma haƙorinsa lafiya lau yake, haramun ne, babu ja a ciki, domin Annabi (S.A.W.) ya haramta zinari da alhariri ga mazan al'ummarsa ya halatta su ga matansu. Rangwamen da aka yi wa Arfajatu na lalura ne, saboda zinari ba ya tsatsa ba ya wari. Yau kuwa ga tangaran ga roba ga wasu ƙarafa da ke yin wannan aiki, saboda haka malamai da yawa na wannan zamani suna ganin ko mai lalurar ya bar zinari matuƙar ya sami waninsa. Ga mace al'amarin ya fi sauƙi, domin ado da zinari halal ne gare ta, kuma akwai malaman da suka yi fatawar halaccin haƙorin zinari gare ta in babu almubazzaranci. Sai dai a tambaya: yaya aka sa shi? Idan an goge lafiyayyen haƙori an rage shi domin hular ta zauna, to an faɗa cikin abin da hadisin Ibnu Mas'udu ya hana, kuma abin da aka goge ba ya sake tsirowa har abada. Idan kuma an kifa shi ne kawai a gaggauce, ba aunawa, to abinci yana maƙalewa a bakin hular, dasashi ya kumbura, haƙorin ya ruɓe a ɓoye a ƙarƙashin walƙiya. Na ga hajiyar da aka ɓamɓare mata hular bayan ƴan shekaru, aka iske abin da ya rage baƙin kututture ne, sai cirewa. Ga shi kuma sau da yawa abin da aka sayar mata da sunan zinari ba zinari tsantsa ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikinsa shi ne niyya. Ka sayar da shanu, ka sayar da albasar shekara biyu ko uku, ka sha rana a Mina, domin Allah Shi kaɗai. To don me za ka rataya wa aikin alama a baki, wadda duk sanda ka yi murmushi take shela? Ba na cewa duk mai shi mai riya ne, zukata Allah Ya san su. Ina dai cewa ƙofa ce da Shaiɗan ke son ya iske ta a buɗe. Wanda ya riga ya sa cikin rashin sani, in namiji ne kuma zinari ne, ya je wurin likita a duba in za a iya cire shi ba tare da cuta ba. In cirewar za ta jawo ɓarnar da ta fi, ya nemi gafara ya bar shi, kada kuma ya kai ɗansa a sa masa.

Wushirya kuwa, wadda Allah Ya halitta ni'ima ce, mai ita ya gode. Amma wadda ake zuwa a sassaƙa da magagari ko da ƙarfe domin Hausawa suna yabon mai wushirya, ita ce ainihin abin da aka yi la'ana a kansa, babu tawili. Haka nan fiƙe haƙora su yi tsini, da wayar da wasu ƴan mata suke ɗaurawa a haƙoran da ba su da komai don kawai sun gani a Facebook. Wayar da ba likita ya ɗaura ba tana iya kaɗa haƙoran da suke zaune lafiya.

Fararta haƙori yana da tafsili. Kankare dattin goro da na taba da na shayi tsafta ce, sunna ma tana kira zuwa gare ta. Amma goge haƙori da lemun tsami da toka mai kaushi ko wani ruwa da ba a san abin da ke cikinsa ba yana cinye farin ɓawon da ke kare shi, ya bar mutum ba ya iya shan ruwan randa sai ya ji tsam har ka. Akwai kuma wani ja ko ruwan ƙasa da ke haƙoran wasu wanda ba ƙazanta ba ne sam, daga ruwan sha yake, idan sinadarin fulorayid ya yi yawa a cikinsa lokacin da haƙoran yaro ke ginuwa. Kaɗan daga wannan sinadari yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a ruwan sha ga miligiram 1.5 a lita. Mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga abin da yawansa ke yi: ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya ɓata haƙoran yara masu yawa ya lanƙwasa ƙasusuwansu, abin ya fito fili a farkon shekarun 2000. Mai irin wannan tabo kada a yi masa gori, kuma in ya nemi likita ya rufe masa shi, aibi ya kawar, babu laifi.

Abin da muka yi sakaci da shi

Da haramcin da muka ƙirƙira wa kanmu ne kaɗai matsalar, da da sauƙi. Babbar ɓarnar tana ga jinkiri. Ciwon haƙori ba tsutsa ba ce, duk da abin da masu tallar magani a kasuwa ke nuna muku a cikin ƙwarya. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a dattin da ke manne da haƙori, suna cin sukarin da ya rage a baki suna fitar da tsami, tsamin yana narka ɓawon haƙori sannu a hankali har ya huda. Mu kuwa mutanen shayi ne, na fari da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa, safe da rana da dare, yara kuma alewa a kumatu har su yi barci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, saboda haka ba mu kaɗai ba ne, sai dai mu likitan ya yi mana nisa, shi ya sa rigakafi ya fi zama dole a kanmu.

Ƙaramin kogo, ciko ɗaya ya ishe shi. Amma sai a bari, a sa kanumfari, wannan dai yana rage zafi ba ya warkarwa. Wasu su ɗiga ruwan batir ko fetur, su ƙone dasashinsu. Sai fuska ta kumbura, mutum ba ya iya buɗe baki, sa'an nan a nemi mota. Ku sani ruwan ƙurjin turmin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe numfashi, kuma ana mutuwa da shi. Wanda ya ga kumburi yana sauka wuya, ko zazzaɓi tare da wahalar haɗiya, kada ya kwana a gida. Kai kuma maigida, an sayar da albasa ka sayi sabon babur, matarka tana kwana uku da ƙyalle ɗaure a haɓa ba ta runtsa ba, kana ce mata ta yi haƙuri. Ina zaman alherin da Allah Ya umarce ka da shi? Ko tana da ciki, a kai ta, a gaya wa likita tana da ciki, shi ya san abin da ya dace da ita.

Ranar kasuwa kuma ga mai cire haƙori ya shimfiɗa buhu, awartaki ɗaya yake shiga bakin mutum goma, ruwan da yake ɗaurayewa da shi a gwangwani ɗaya. Ta wannan hanya ciwon hanta da sida suke iya ƙetarawa daga jini zuwa jini, kuma sau da yawa yakan karya haƙorin ya bar saiwa a ciki. Ya zo a hadisin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Maja cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Mai wannan sana'a ya ji tsoron Allah, ya tuna raƙuma biyar. Mai ciwo kuma ya fara da likitar garinsu ko asibitin Madawa ko Buza ko Keita, su za su nuna masa inda likitan haƙori yake, ko Tawa ko Maraɗi ko Yamai.

Iyaye, ku buɗe bakin ƴaƴanku ku duba. Haƙoran yarinta 20 ne, amma wajen shekara shida wani turmi yana fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne, in ya ruɓe ba wanda zai maye shi, kuma shi ne iyaye suka fi yi wa sakaci suna zaton zai famfare. Akwai kuma ciwon da ya fi wannan muni, wanda likitoci ke kira noma (ba noman gona ba, sunan ne ya yi kama). Yakan kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman wanda tamowa ta raunana ko ya tashi daga ƙyanda. Yana farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki, cikin ƴan kwanaki ya huda kumatu ya ci leɓe da hanci. Idan ba a yi magani ba, har tara cikin goma suna iya rasuwa, alhali a farkonsa maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Ba iska ba ce, ba maita ba ce. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A Sakkwato, nan maƙwabtanmu, an buɗe asibiti musamman domin wannan ciwo a 1999, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta fara kula da irin waɗannan yara tun 1992. Yaron da ya rayu da ramin a fuskarsa kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Ana yi musu aiki a gina leɓe da kumatu da hanci, kuma hukuncin wannan aiki shi ne hukuncin hancin Arfajatu.

Rigakafin kuwa yana cikin sunnar da muka sani muka bari. Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana shi wajabta asuwaki a kowace salla. A cikin jinyarsa ta ƙarshe, kamar yadda Buhari ya ruwaito, Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo da ɗanyen asuwaki a hannu, Manzon Allah ya bi shi da kallo, Nana A'isha (R.A.) ta karɓa ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi. Mu kuma ba mu da uzurin rashin icce. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 domin tare iska, da itatuwan da aikin raya ƙasar Keita ya dasa tun daga 1984, suna gabanmu. A yanki ɗan reshe ba tare da ɓarna ba. Wanda ya sami buroshi da man goge baki ya haɗa da su, safe da kuma kafin barci, na daren ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa a cikin barci.

Wasu mas'aloli da ake yawan tambaya

Ciko da hula da haƙorin roba ba su hana alwala ko wankan janaba inganta. Kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malik a cikinsu duka biyu, kuma ba a ɗora wa kowa ya kai ruwa ƙarƙashin ciko ba. Mai haƙoran roba ba sai ya cire su a kowace alwala ba, amma ya cire su da dare ya wanke, domin lafiyar dasashinsa.

Mai azumi ya halatta ya yi asuwaki dukkan yini, sai dai malamanmu sun karhanta ɗanye saboda tsoron wani abu ya wuce maƙogwaro. Cire haƙori ko cike shi ko wanke shi da rana ba ya karya azumi matuƙar bai haɗiye jini ko ruwa ko magani ba, haka Majalisar Fiƙihu ta yanke a zamanta na 10 a Jidda a 1997. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ci ba ce ba sha ba ce. Wanda zai iya jinkirtawa zuwa bayan buɗa baki ya fi masa kwanciyar rai, wanda ciwo ya tsananta masa har yana bukatar shan magani, majinyaci ne, ya sha ya rama.

Idan mutum ya rasu da haƙoran roba masu cirewa, mai wanka ya cire su a hankali in ya sawwaƙa. Ciko da abin da aka dasa a bar su. Na zinari dukiya ce ta magada, in zai fita ba tare da an yaga ko an karya wani abu ba a cire, in ba haka ba a rufe shi da shi, domin alfarmar mamaci kamar alfarmar mai rai take.

Dattijon da muka fara da labarinsa, abin da na iya gaya masa a tsaye a wannan rana shi ne ƙissar Arfajatu da maganar Shehu Halilu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ya karanta wurin a gaban malaminsa tun yana saurayi, bai taɓa kawo wa ransa cewa da bakinsa ake ba. Bayan an gama girbi ƙaninsa ya raka shi Tawa. Wanda ya zo daga ƙauyen ya shaida mini cewa shi ya ja su sallar asuba ranar da ya taso.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.